Tambayi Injiniya: Idan Jiha Ta Sauya Dokar Sola, Wa Ake Tambaya?

Wasiƙu uku ne a gabana wannan makon, kuma duk a kan abu guda suke: wutar sola da dokokin da jihohi ke kafa mata. Biyu daga gida, ɗaya daga Amurka. Zan fara da ta nesa, domin amsarta ce za ta share wa sauran hanya.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni direban babbar mota ne a garin Fresno, jihar Kalifoniya. Allah ya hore mini na sayi gida. Maƙwabcina ya sa sola tun 2021, ya nuna mini takardar kuɗin wutarsa, ko a tsakiyar zafi abin da yake biya bai taka kara ya karya ba. Da na kira masu sa sola sai suka ce ni ba zan samu irin nasa ba, wai doka ta canza, sai na haɗa da batir, kuɗin kuma ya yi sama sosai. Gaskiya ne, ko sun ga baƙo ne suna so su yi mini wayo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa gidan ya zama na albarka. A wannan maganar ba su yi maka ƙarya ba. Doka ta canza, kuma canjin babba ne.

Tun a tsakiyar shekarun 1990 Kalifoniya ta fara tsarin da maƙwabcinka ke ci. Da rana farantan da ke kan rufinsa suna ba da wutar da ta fi ƙarfin gidan, rarar sai ta bi waya ta koma layin kamfani, mita tana rubutawa. Da dare ya jawo wuta daga kamfani. A wurin lissafi, kusan kowane yunit da ya tura ana cire masa yunit guda daga abin da ya sha. Wato kamfani na sayen wutarsa kusan a farashin da yake sayar masa, wajen santi 30 (santi 100 ne dala ɗaya) a kan yunit a lokacin da aka yi canjin. Da wannan tsari, da kuma shirin rufi miliyan ɗaya da Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa wa hannu a 2006, jihar ta haura rufi miliyan guda masu sola a 2019.

Ranar 15 ga Disamba 2022 hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta ta jihar, wadda ake kira CPUC, ta zauna a kan batun, kwamishinoninta biyar duka suka amince da sabon tsari. Duk wanda ya shigar da takardar neman haɗa solarsa da layi daga 15 ga Afrilu 2023, sabon ne ya hau kansa. Mutane na kiransa NEM 3.0. Ya shafi masu shan wutar manyan kamfanoni uku, PG&E da SCE da SDG&E, kuma ku a Fresno PG&E ne ke ba ku wuta. Yanzu rarar da ka tura ana biyanta ne gwargwadon abin da kamfani zai kashe da a wani wuri ya sayo ta a daidai wannan sa'ar. Da tsakar rana wutar sola ta cika layin Kalifoniya maƙil, don haka ba ta da tsada. Idan aka haɗa sa'o'in shekara, kuɗin ya sauko zuwa wajen santi 8, wato an zaftare kusan kashi 75 cikin 100.

Ɗauki biro ka gani da idonka. A ce kana tura rarar yunit 300 a wata. Maƙwabcinka, a santi 30, an rage masa dala 90. Kai a santi 8, dala 24. Rufi iri ɗaya, rana ɗaya, layi ɗaya.

Hujjar kamfanoni da hukuma tana da kamar wannan: manomi ya kai wa ɗan kasuwa mudun gero da kaka, lokacin da hatsi ya cika kasuwa, sannan ya dawo a watan Agusta ya ce a ba shi mudunsa cif. Mudu dai mudu ne, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. Wutar tsakar rana ita ce geron kaka, ta bayan magariba ita ce ta Agusta. Suka ƙara da cewa kuɗin gyaran turaku da wayoyi da taransifoma yana cikin farashin yunit, to idan mai sola ya daina biya, nauyin ya koma kan wanda ba shi da ita, galibi ɗan haya da mai ƙaramin ƙarfi. Ni a ganina akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma duk mai son sola da ya musanta ta gaba ɗaya bai yi adalci ba. Inda na saɓa da su shi ne girman yankan da kuma yadda aka yi shi a tashi ɗaya. Kasuwar sa sola a gidaje ta yi ƙasa sosai bayan Afrilu 2023, kuma yaran da ke hawa rufi suna ɗaura farantai su ne suka fara ji a jikinsu.

Maganar batir kuwa, ga dalilinta. A tsarin PG&E wuta ta fi tsada daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare. Idan kana da batir, rarar rana ka adana ta ka sha a waɗannan sa'o'i, ba ka sayar da ita da arha ba, ba ka kuma sayi ta yamma da tsada ba. Har ma akwai wasu sa'o'in yammacin Agusta da Satumba da kamfani ke biyan abin da ka tura da daraja sosai. Don haka a sabon tsari sola ba batir ba ta cika mayar da kuɗinta da wuri ba.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka nemi farashi daga kamfanoni uku aƙalla. Ka ce kowannensu ya yi maka lissafi da takardun kuɗin wutarka na watanni 12 da suka wuce, ba da ƙiyasin baki ba. Ka tambayi ko kuɗin shigarka ya sa ka cancanci rangwamen CARE, wato ragin kuɗin wuta na masu ƙaramin ƙarfi, domin masu shi ana ƙara musu wani abu a kan rarar da suka tura, ka kuma tambayi shirin SGIP da ke tallafa wa sayen batir. Sannan ka lura da wannan: rangwamen haraji na kashi 30 cikin 100 da gwamnatin tarayya ta riƙa ba mai gida da ya sayi sola, dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta tsayar da shi daga ƙarshen Disamba 2025. Idan ka ga wani ya cusa shi cikin lissafin da ya kawo maka, ka ce ya nuna maka a rubuce ta wace hanya za ka same shi. Kuma kai da ke kwana a hanya, idan gidan ba kowa da rana, rararka za ta fi ta kowa yawa, batir ya fi zame maka dole ke nan.

Tambaya: Injiniya, ni malamin makaranta ne a Zariya. Kullum ina ji a rediyo ana cewa hukuma kaza tana neman ra'ayin jama'a kafin ta sauya doka ko farashin wuta. Ni dai gani nake an gama yanke hukunci tun a ofis, zaman jin ra'ayin cika sharaɗi ne kawai. Ka taɓa ganin inda maganar talaka ta sauya wani abu a harkar wuta?

Amsa: Malam, na fahimci abin da ya sa ka faɗi haka, kuma ba kai kaɗai ke da wannan zato ba. Amma na ga inda ta sauya, kuma a wannan harka ta sola ɗin ma.

Mu koma Kalifoniya. Abin da aka zartar a Disamba 2022 ba shi ne abin da aka fara kawowa ba. Daftarin farko ya fito ne a Disamba 2021, kuma ya fi zafi nesa ba kusa ba. A cikinsa akwai harajin dala 8 a kowane wata a kan kowane kilowat na farantan da ke rufinka. Mai kilowat 6 zai riƙa biyan dala 48 duk wata, dala 576 a shekara, don kawai ya sa sola. Akwai kuma shawarar a rage wa waɗanda suka riga suka sa wa'adin da aka yi musu alkawari, daga shekara 20 zuwa 15. An shirya kaɗa ƙuri'a a ƙarshen Janairu 2022.

Dokar jihar ta ce daftarin hukunci sai ya yi kwana 30 a bainar jama'a kafin a kaɗa masa ƙuri'a. Mutane suka yi amfani da wannan dama. Suka cika shafin shari'ar da ra'ayoyinsu a rubuce. Suka riƙa bugo waya a zaman hukumar, kowa da ɗan lokacin da aka ba shi, ana shafe sa'o'i ana saurare. Ma'aikatan sola suka yi gangami a San Faransisko da Los Anjalas. Gwamna Gavin Newsom ya fito ya nuna daftarin na buƙatar gyara. Aka ɗage ƙuri'ar. Da sabon daftari ya fito a Nuwamba 2022, harajin dala 8 ya ɓace, shekara 20 ɗin tsofaffin masu sola kuma tana nan daram. Shi ya sa maƙwabcin ɗan'uwanmu na Fresno zai ci tsohon tsarinsa har shekara 20 cif, ba 15 ba.

Ba su samu duk abin da suka nema ba, an dai yanke farashin rarar. Wasu ƙungiyoyi uku na kare muhalli suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba hukuma gaskiya, amma a Agusta 2025 Kotun Ƙolin jihar ta ce ƙaramar kotun ta yi wa hukuma sassauci fiye da kima, ta mayar mata da shari'ar ta sake dubawa.

Labarin jihar Nebada ya fi wannan taɓa ni. A Disamba 2015 hukumar wutar jihar ta sauya tsarin, ta ce za a ɗaga kuɗin wata-wata na mai sola a hankali daga dala 12.75 zuwa 38.51, a kuma sauke farashin rararsa daga wajen santi 11 zuwa ƙasa da santi 3. Abin da ya fi muni, ta ce har waɗanda suka riga suka sa, wajen gidaje dubu 17, su ma ya hau kansu. Ka yi tunanin dattijon da ya kwashe kuɗin sallamarsa daga aiki, ko ya ci bashin shekara 20, bisa lissafin da hukuma da kanta ta shimfiɗa masa, ya wayi gari an ce lissafin ya tashi. Kamfanin sa sola na SolarCity ya sallami ma'aikata 550 a jihar, takwaransa Sunrun ma ya tattara ya fita. Kamfanin wutar jihar, NV Energy, mallakar Berkshire Hathaway ne, kamfanin hamshaƙin attajiri Warren Buffett, don haka kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Mutane suka cika zauren hukumar a Janairu 2016, suka kai ƙara kotu, suka matsa wa 'yan majalisa. A Satumba 2016 aka mayar da tsofaffin masu sola kan tsohon tsarinsu na shekara 20. A Yuni 2017 Gwamna Brian Sandoval ya sa hannu a dokar AB 405, wadda ta dawo da biyan rarar a kashi 95 cikin 100 na farashin sayarwa, tana sauka mataki-mataki har zuwa 75 yayin da masu sola ke ƙaruwa. A jihar Fulorida ma, a Afrilu 2022, majalisa ta riga ta zartar da dokar rage irin wannan biya, Gwamna Ron DeSantis ya ƙi sa hannu.

Abin da na lura da shi a duk wuraren nan, hukuma ba ta cika janye aniyarta gaba ɗaya ba. Amma sassan da suka fi cutarwa, kamar ɗora sabuwar doka a kan wanda ya riga ya kashe kuɗinsa, ko sabon haraji na wata-wata, su ne ke zubewa idan mutane sun fito. Kuma su ne sassan da ke raba mutum da dukiyarsa.

Na halarci wani zaman jin ra'ayi kan farashin wuta a zauren wani otal a nan Arewa. Layin gaba ma'aikatan kamfani ne, kowa da kwamfutarsa da takardu masu jadawali. Bayansu lauyoyi da 'yan jarida. Kujerun masu shan wuta rabi babu kowa. Wani mai walda ya tashi, ransa a ɓace, ya yi magana mai ratsa jiki a kan zalunci, aka tafa masa, ya zauna, ban ga wanda ya ɗaga biro ba. Bayansa wani dattijo mai injin niƙa ya miƙe da wani ɗan littafi da ya sha hannu, bangonsa duk gari. Ya karanto ranaku, da sa'ar da aka kawo wuta da sa'ar da aka ɗauke, na tsawon watanni, ya ɗaga takardar kuɗin da aka kawo masa, ya ce a gwada da sa'o'in da aka yi alkawari. Shugaban zaman ya ce a karɓi littafin a ɗauki hotonsa a sa cikin bayanan zama. Mai waldan gaskiya ya faɗa, kuma na ji zafin da yake ji. Amma hukuma irin wannan da abin da ke cikin fayil take yanke hukunci, kotu ma fayil ɗin take buɗewa idan an kai ƙara. Kai da kake malami, Malam, taimakon da za ka yi wa unguwarku shi ne ka zauna da irin mai waldan nan ku mayar da kukansa rubutu, da kwanan wata da adadi, ku miƙa kafin wa'adi ya cika, ku karɓi shaidar an karɓa.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni ina sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a gida a Kano. Bayan tsadar fetur na sayar da janareta na haɗa da kuɗin adashi na sa sola don firizoji biyu. Yarona ya ce a ƙasashen waje kamfanin wuta har biyan masu sola yake yi. Mu ma za a fara biyanmu? Kuma gwamnatin jiha tana da ta cewa a ciki?

Amsa: Hajiya, barka kadai, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Yaronki ya faɗi gaskiya, irin tsarin da na bayyana a sama ne. Amma kada ki sa shi a lissafinki yanzu. Solar da ke yawancin gidajenmu a keɓe take, daga faranti zuwa inbata zuwa batir, ba ta mayar da komai kan layi. Kafin a saye rararki sai an sa mita mai ƙirga shiga da fita, sai inbata irin wadda aka yi don haka, sai kuma layin da ke da wuta a lokacin, domin ba a tura wuta cikin layin da aka kashe, hatsari ne ga ma'aikacin da ke kan turke. Ribar solarki a yau ita ce fetur ɗin da kika daina saya tun bayan cire tallafi a Mayu 2023. Ki riƙa wanke farantan da sassafe, musamman da hunturu, domin ƙurar da ke kwanciya a kansu tana cin wuta ba kaɗan ba, kuma ki bar firizojin su yi aikinsu mai nauyi da rana don batir ya huta.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. Eh, jiha tana da ta cewa yanzu, kuma sabon abu ne. A Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin dokar samar da wuta da rarraba ta har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Wutar Lantarki. Jihar da ta yi dokarta ta kafa hukumarta, hukumar tarayya ta NERC za ta miƙa mata ragamar kasuwar wutar cikin jihar. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓa a 2024, Legas ta bi, daga ɓangarenmu kuma akwai Neja da Filato da Kogi. Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba: a 2025 hukumar Enugu ta sauke farashin masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga naira 209 zuwa 160 a kan yunit, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce tsakaninta da kamfanoni.

Ma'anar wannan gare ki, duk tambayoyin da aka yi rigima a kansu a Kalifoniya da Nebada, a majalisun jihohinmu da sababbin hukumominsu za a amsa su. Za a sayi rarar mai sola, kuma a nawa? Mai sola da ke haɗe da layi za a ɗora masa kuɗin wata-wata ko da bai sha ba? Wa zai ba masu sa sola lasisi, don a rage masu haɗa waya ta kama da wuta? Wanda ya kafa ƙaramar tashar sola a kasuwa, irin wadda aka yi wa shagunan Sabon Gari a nan Kano, wa zai tsayar masa da farashi, kuma wa 'yan kasuwa za su kai wa kuka? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake roƙo a sa a kowace dokar jiha tun daga farko guda biyu ne. A rubuta ƙarara cewa wanda ya kashe kuɗinsa bisa wani tsari zai ci gaba a kansa na adadin shekaru sanannu, ko da an sauya wa masu zuwa daga baya. Mace irinki da ta zuba kuɗin adashinta bai kamata ta kwana da fargabar wata sanarwa ba. Sannan a wajabta wa hukuma ta fitar da daftari kafin ta yanke hukunci, ta ba da wa'adi isasshe, ta fassara shi da Hausa, a karanta a rediyo, a kuma karɓi ra'ayi a rubuce da Hausa ko ta saƙon murya. Daftarin da aka sa a intanet da Turancin lauyoyi kawai, mai ƙanƙara da mai niƙa da tela ba a tambaye su ba.

Idan kuna da ƙungiyar masu ƙanƙara, ko ta matan unguwa masu sana'a, ku sa mutum ɗaya ya riƙa bibiyar kwamitin wutar lantarki na majalisar jiha da sanarwar hukumar wuta, ku kai wa ɗan majalisarku takarda da sa hannunku. Ke kuma ki adana rasiɗin farantai da batir da inbata, da kwanan watan da aka sa miki su, da sunan wanda ya yi aikin. A Kalifoniya ranar da mutum ya shigar da takardarsa ce ta raba wanda ke kan tsohon tsari da wanda ke kan sabo, kuma duk ranar da jiharmu ta fara rajistar masu sola, waɗannan takardu za a fara nema a hannunki.